Sai Na Ga Fuskarka

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da aikin girid a cibiyarmu da ke bakin Sofiya, babban birnin ƙasarmu, kuma duk wanda ya zauna a ajina zai gaya maka Rumyana ba ta wasa da abu guda: ba a sa wa mutum hannu sai an ga fuskarsa. Girid dubban kwamfutoci ne na cibiyoyin bincike a ƙasashe daban-daban, an haɗa su suna aiki tare. Ka tura lissafinka daga nan, wata na'ura a Italiya ta yi maka shi. Ba wanda ya san ka a can, satifiket ɗinka kawai suka sani, shi kuwa wa'adinsa shekara guda ne. A wajenmu in za a sabunta shi sai mutum ya zo da ƙafarsa da katin shaidarsa, in dube shi, in dubi hoton, sannan in sa hannu.

A wannan mako na watan Maris mutum goma sha biyu aka turo mini daga jami'o'i, waɗanda za su koma su horar da wasu, su ma a ba su ikon sa hannu. Ran Laraba da hantsi, bayan an ci banitsa, gurasarmu mai cuku, an kora da kofi, na yi musu wa'azina na kullum, gani ya kori ji, ba sani ba sabo. Sannan na haska musu a bango jerin ayyukan da ke gudana da sunan cibiyarmu, kowane aiki da sunan mai shi.

Nevena, wata malamar lissafi daga wajen Smolyan mai tambayar tsiya, ta ɗaga hannu.

"Malama, dakata. Lyuben Shterev ɗin nan, ba tsohon nan na ƙauyenmu ba ne? Mai sanda, mai faɗa da kowa a kan hayaƙin murhu?"

Na ce, "Shi ne. Farfesa Lyuben shi ya koya mini aikin nan. Shekara tara ke nan yana lissafin yadda gurɓatacciyar iska ke yawo a kan duwatsunku."

"To ai ya rasu."

"Ke, ba na son shirme da safe. Kin ga aikin can? Yau da ƙarfe takwas aka tura shi."

"Wallahi Malama, takardar rasuwarsa na nan manne a bishiyar tasharmu, da hotonsa. A Janairu aka cire tsohuwar aka sa ta cikar shekara. Ni da bakina na ci dafaffiyar alkamar sadakarsa."

Tun da Farfesa ya yi faɗa da shugabannin cibiya ya tattara ya koma ƙauye, ba mai jin labarinsa sai ta aikinsa. Amma ba mutuwar kaɗai ta kaɗa ni ba. Bara a watan Maris buƙatar sabuntawarsa ta zo, da ɗan saƙo cewa ƙafarsa ba ta barinsa hawa bas, kuma ai na san fuskarsa shekara ashirin. Tausayi ya kama ni, na sa hannu ban gan shi ba. Mai dokar barci ta ɓuge da gyangyaɗi. Yanzu da na lissafa, lokacin watansa biyu a ƙasa.

Na sallami ajin, na sauka wajen Zdravko, mai kula da na'urorinmu. Ya saurare ni yana taunar biro.

"Kwantar da hankalinki, Rumyana. Tsoho ya bar na'ura a kunne tana tura aiki da kanta, shi ke nan."

Ya buɗe ayyukan don ya nuna mini, sai na ga ya daina taunar. Na jiya duk sun lalace saboda wani canji da Zdravko ya yi ran Litinin. Na yau kuwa an gyara su, kuma a saman gyaran an rubuta: Wane sakarai ne ya taɓa mini wannan? Haka Farfesa yake rubutawa tun muna ɗalibai.

Zdravko ya ce a hankali, "Ga sabuwar buƙata ma ta shigo. Jumma'a wa'adin satifiket ɗinsa zai cika."

"To ya zan yi?"

"In kika ƙi, aikin shekara tara ya tsaya, ga shi bai fi wata biyu ya rage masa ba. In kika kai rahoto, sun karɓe ikonki na sa hannu, wataƙila har cibiyar su dakatar. Ni dai da ni ne, in sa hannu in yi shiru. Wa zai sani?"

Na ce, "Mutum goma sha biyu sun sani."

Ban iya cin abincin rana ba. Ina son tsohon nan, ya zage ni ya fi a ƙirga amma shi ya mai da ni mutum. Kuma ina son aikina, ba zan ɓoye ba.

Da ƙarfe biyu na koma aji. Rana tar a tagogi, ba wanda ya buɗe kwamfutarsa, duk sun zuba mini ido. Na ga ɓoye-ɓoye ba shi da amfani, na haska buƙatar a bango kowa ya karanta saƙon da ke jikinta: Rumyana 'yata, ƙafar dai ba sauƙi. Yi mini irin na bara.

Kunya ta rufe ni. Na gaya musu abin da na yi bara, ban rage komai ba.

Wani mai gemu daga baya ya ce, "To Malama, a littafinku akwai inda aka hana matacce bincike?" Biyu suka yi dariya, dariyar ba ta je ko'ina ba.

Nevena ta ce, "Bar wasa. Malama, da mu ne a kujerarki, me za ki ce mu yi?"

Amsa ɗaya ce, kuma da safen nan na gama koya musu ita. Ko ɓarawo ne ya sace kalmar sirrin tsoho, ko ma mene ne, wannan amsar za ta tsayar da shi. Na zauna na rubuta, suna gani a bango: Farfesa, ka yi haƙuri. Bana sai ka zo da kanka da katin shaidarka, na ga fuskarka. Na tura. Har na ji sanyi a raina, don na ɗauka magana ta ƙare.

Ban ɗauke hannuna daga tebur ba amsa ta faɗo: Yanzu kika yi aikinki. Lif ɗinku na hawa bene har yanzu a lalace yake?

Nevena ta yi alamar giciye. Wayar bango ta yi ƙara, na ɗauka, mai gadin ƙofa ne.

"Malama Rumyana, wani dattijo ne ya ce ke kika kira shi. Na ce ya jira, ko kallona bai yi ba. Ya kama matakala, amma zai daɗe, ƙafarsa ba ta da kyau."

Ajinmu a hawa na huɗu yake. Can ƙasa muka fara jin sanda tana bugun matakala, a buga, a huta, a sake bugawa. Mai gemun nan ya tashi zai murɗa makulli, na ce ya zauna, ni na kira tsohon. Na ciro fom daga aljihun tebur, na cika suna da kwanan wata, na juya kujerata ta fuskanci ƙofa. Sandar ta iso hawa na uku.

Na cire murfin biro, don in dai fuskarsa ce, ba ni da hujjar hana shi.