Muryar Inna Lai'atu

Li'azaru ya daɗe yana son ɗaukar waƙoƙin mahaifiyarsa. Inna Lai'atu ta shekara arba'in tana ba da waƙa a zumuntar mata ta majami'arsu a Madarumfa, kuma akwai waƙoƙin da ita kaɗai ta rage da su a ka. Amma ta ce ba za a ɗauke ta da salula ba.

"Abin da ya shiga salula ba ya zama gida," in ji ta. "In kaset ne, na yarda."

Shi ya sa Li'azaru ya nemi Abdoul Aziz, abokinsa tun suna lakwal, wato makarantar boko, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Suka hau babur sai Ɗan Issa, wurin wani mai sayar da tsoffin kayan Turai. Rakoda biyu suka tarar, baƙa da fara, kowace da makirfonta.

Abdoul Aziz ya sa kaset a baƙar, ya kara kunne. Tana juyawa sumul. Ya yi shekaru yana neman irinta. Da ya buɗe farar, sai ya ga robar da ke juya kaset ta saki.

"Wacce za mu ɗauka?" in ji Li'azaru. "Ni ban san kan abin ba, kai ne idona."

"Farar," in ji Abdoul Aziz, bai ɗaga kai ba. "Ta fi sabunta."

A ransa ya ce zai sake robar kafin a yi aiki da ita. Bayan kwana biyu ya koma shi kaɗai ya sayo baƙar, ya tura ta ƙarƙashin teburin shagonsa. Robar kuwa ya nema bai samu ba, bai kuma faɗa wa kowa ba.

Ranar Asabar Inna ta yi kwalliya, ta zauna a tsakar gida ta rera waƙa shida. Abdoul Aziz ne ya riƙe mata makirfo. Da aka mayar da kaset baya aka kunna, sai muryar ta fito tana rawa, tana ja, kamar ta mai jinya. Inna ta saurara har ƙarshe.

"Ashe haka na koma?" ta ce a hankali. "Kuma ba wanda ya gaya mini?"

Abdoul Aziz ya dubi abokinsa, ya sunkuya yana naɗe wayar makirfo.

Lahadi uku Inna tana zama a bencin baya a majami'a, ko amshi ba ta yi. Li'azaru ya zo shago ya ba shi labari.

"Laifina ne, abokina. Da ban matsa mata ba."

Yana wannan magana ƙafarsa na kusa da kwalin baƙar rakodar. Ranar Abdoul Aziz ya kasa cin abinci.

Da safe ya ɗauki kwalin ya kai gidan. Ya durƙusa gaban Inna.

"Inna, muryarki lafiyarta lau. Rakodar ce ba ta da kyau, kuma na sani tun a Ɗan Issa. Mai kyan na riƙe wa kaina. Ga ta."

Li'azaru ya tashi ya fita. Inna ta dubi Abdoul Aziz.

"Kai, Abdu? Kai da ka girma a gidan nan?"

Ya buɗe kwalin, ya fito da rakodar.

"To, haɗa ta mu ji," in ji Inna.

Ta rera waƙa ɗaya. Muryar ta fito tsaf, ta tsufa amma ba ta rawa. Inna ta goge ido da bakin zane, ta ce ya tashi, ta yafe.

Sauran waƙoƙin Li'azaru ya ɗauka da kansa, kaset huɗu. Suna gaisawa da Abdoul Aziz in sun haɗu a hanya. Amma da rediyon Li'azaru ta lalace da damina, Maraɗi ya kai ta gyara.