Jan Haƙoran Hamsatu

Duk shekarun da Zakiru ya yi a Yamai yana koyon gasa haƙoran tangaran, ba wanda ya gaya masa akwai bakin da fari ke ɓatawa. Ya dawo Dakoro da 'yar tandarsa mai aiki da kuran, wato wutar lantarki, ya kama shago, ya zauna jiran masu giɓi. Mutanen gari kuwa in haƙori ya dame su sai wanzami ya cire, su ci gaba da tauna da ɗaya gefen.

Ana nan saniya ta tunkuyi mahaifiyarsa Hamsatu wajen tatsa, can ƙauyensu Korahane, haƙoran gaba suka zube. Matar da ake jin dariyarta tun daga bakin rijiya ta koma magana da mayafi a baki, ta daina zuwa suna da biki. Abin ya ci wa Zakiru rai. Ya ɗauki awon bakinta, ya zuba duk gwanintarsa, ya gasa mata haƙora farare tas kamar madara.

Sai dai ɗan boko ya manta wadda ta haife shi. Hamsatu tun tana budurwa take goga furen taba da goro, jan haƙoranta shi ne adonta. Ta saka sababbin, ta dubi madubi. Ta goga fure har ta gaji, tangaran ya ƙi kamawa, don dama haka aka yi shi. Da jikoki suka fara leƙen bakinta suna ƙyalƙyala dariya, ta cire ta aika masa a ƙullin leda.

Kunya ta rufe shi. Ya nemo jan launi da ƙyar, ya shiga haɗawa. Yau ja ya fito kamar jini, gobe a ɗauke kuran tsakiyar gashi, haƙora su tsage. Damina ta wuce, kaka ta wuce. Ranar da launin ya fito daidai, ranar tandar ta ƙone, kuma har Maradi babu mai gyara ta.

Ya hau mota sai Korahane. Ya ce Inna ta buɗe baki ya gwada. Haƙoran suka ƙi zama. Dasashi ya shanye, haƙoran gefe sun karkato cikin giɓin. Ya san wannan tun a makaranta, baki ba ya jiran mai awo. Sai an sake awo an sake gashi, ga shi babu tanda. Ya zauna a ƙasa.

Hamsatu ta juya haƙoran a tafin hannunta, ta daɗe tana kallo.

"Auta, wanga ja hwa ya yi," in ji ta. "Kamar nawa na da."

Ta ƙulle su a bakin zane, ta yi masa murmushi, mayafinta a baki.