Rigar da Baba Na'iya Ya Farke

Mai keke ya riga ya kawo kekensa na haya mai ƙafa uku daf da bakin zaure, Atiku kuma ya sa hannu a hammatar Baba Na'iya zai ɗaga shi, sai tsohon ya kafa hannunsa mai lafiya a kan buzu ya ƙi tashi.

"Ba ni zuwa asibiti yanzu," ya ce, numfashinsa na fita guntu-guntu. "Sallami mai keken ga, ka turo ƙofa."

Atiku tela ne, shagonsa na jikin katangar gidan, a wata unguwa ta bayan kasuwar Tambuwal. Da hantsin nan yana kan keken ɗinki Inna Marka, matar tsohon, ta leƙo ba ko mayafin kirki, ta ce ya zo ya ga Malam. Ya tarar da shi jingine da bango, ƙafafu sun kumbura, hannun hagu ya saki, gumi na tsattsafo masa a goshi alhali garin da sanyin damina. Ya lallashe shi, ya haɗa shi da Allah, Inna Marka ma ta sa baki daga bayan ƙofar cikin gida, amma tsohon ya kafe. Dole Atiku ya ba mai keke haƙuri ya ce zai kira shi an jima.

Da ya dawo, Baba Na'iya ya nuna masa adakar ƙarfe da ke kusurwa ya ce ya buɗe. Akwai ƙunshi a ciki, an naɗe da farin zane. Atiku ya kwance, sai ga riga.

Ya san rigar. Duk unguwar ta san ta, don ranar da aka kawo ta daga Kebbe har layi aka yi a zauren nan ana kallo. Saƙi ce ta mutanen da, baƙa mai ɗigon fari kamar jikin zabuwa, an haɗa ta da siraran ƙwaryoyin masaƙa waɗanda faɗin kowace bai wuce yatsu biyu ba. A ƙirjinta akwai adon aska biyu da tambari na zaren tsamiya, a bakin hannuwa da ƙasa kuma shafin jan alharini. Ta kakan kakan wasu malamai ce a Kebbe, tana ajiye a gidansu tun kafin zuwan Turawa. Wani malamin sakandare mai suna Mansur ne ya shirya wasan kwaikwayo a kan zamanin jihadi, ya ce ba ya son a sa wa 'yan wasa shadda, ya roƙi Baba Na'iya ya ɗinka masa riguna irin na lokacin, tunda a garin shi kaɗai ya rage mai aikin hannu zalla. Tsohon ya ce sai ya ga ta gaske. Shi ne Malam Siddiƙ, ɗaya daga jikokin gidan, ya ɗauko ta ya kawo aro, da sharaɗi guda: a duba da ido, kada allura ko almakashi su taɓa ta.

Yanzu ga ta a gaban Atiku, gefe ɗaya a haɗe, ɗaya gefen kuwa ƙwarya-ƙwarya a jere kamar an tsefe kitso, shafin alharinin a naɗe daban.

Baba Na'iya ya ba shi labari a hankali, yana yi yana hutawa. Rigar da ya fara ɗinka wa 'yan wasa ta ƙi zama a jiki, tana tsayawa ƙiƙam kamar buhu. Ya rasa yadda mutanen da suka sa ƙwaryoyin da aka yanka a karkace har ƙasan riga ya buɗe ya riƙa lilo. Sai ya ce bari ya farke taƙi ɗaya daga cikin tsohuwar rigar ya gani, ya mayar. Ashe zaren ya mutu tuntuni. Yana jan bakinsa ɗinkin ya bi ya zube har ƙasa, na kusa da shi ma ya bi. Bai gaya wa kowa ba sai matarsa. Ita ta kaɗa masa zaren auduga siriri, ya rina da shuni, yana ta mayarwa a ɓoye har ya gama gefe ɗaya, sai ciwo ya kayar da shi. Jiya kuma Malam Siddiƙ ya bugo waya ya ce yau zai zo ya karɓa, domin yayansu Malam Ladan, babban gidan, ya gano an fitar da rigar ba da saninsa ba, ya ce kada ta ƙara kwana a waje.

"Amana ta, Atiku," in ji tsohon. "Ba ni gamuwa da Ubangijina da ita hakanga. Ɗauki allura."

Atiku ya ce a bar shi ya kai ta shago, a keken ɗinki kafin azahar ya gama. Tsohon ya girgiza kai ya ce haƙorin keke zai cinye saƙin nan kamar gara. Atiku ya dubi hannunsa. Rabonsa da ɗinkin hannu mai tsawo tun yana saurayi, in ban da sa maɓalli. Ya ce to, amma da sharaɗin yana gamawa za su tafi asibiti. Baba Na'iya ya ce ya yarda.

Ba a ɗora ƙwarya a kan ƙwarya, haka tsohon ya koya masa. Baki da baki ake haɗa su, allura ta ɗauki silin zare biyu daga nan, ta ɗauki biyu daga can, a ja a hankali yadda ɗinkin zai kwanta ya ɓace cikin saƙar. Atiku ya maƙale bakin ƙyallen da babban yatsan ƙafarsa ya fara. Bai yi nisa ba tsohon ya miƙo hannu ya shafa.

"Wanga ɗumkin buhu na. Warware."

Ya warware, ya sake. A karo na uku tsohon ya shafa ya janye hannunsa, Atiku ya ci gaba. Saƙin ya yi laushi don tsufa, in ya matsa kaɗan sai ya ji kamar zai rabe a hannunsa. Zufa ta jiƙa masa baya. Duk ƙarar babur da ta biyo layin sai ya ɗaga kai, ta wuce, ya koma. Tsakanin ƙarar baburan kuma ba abin da yake ji sai numfashin tsohon, wanda ya fara wani gurnani kamar ana jan ruwa da tsinken kara.

Inna Marka ta kawo kunu, Malam ya kurɓa sau ɗaya ya kau da kai. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kira Atiku da hannu, ta ce masa a ɓoye leɓɓan Malam sun sauya launi, ya bar rigar nan ya ɗauke shi ko da ƙarfi ne. Atiku ya ajiye allura ya ɗauko waya. Tsohon ya buɗe ido ya dube shi, hawaye ya gangaro masa ta gefen hanci. Atiku ya daɗe riƙe da wayar. Sannan ya mayar da ita aljihu ya koma ya zauna, bai iya kallon inda Inna Marka take ba.

An yi azahar, ya taimaka wa tsohon ya yi taimama ya yi salla a zaune. Hadari ya taso daga gabas, zauren ya yi duhu, ya matsa da aikin bakin ƙofa don ya samu haske. Bai kai rabin gefen ba ya ji babur ya tsaya, aka yi sallama.

Malam Siddiƙ dogo ne, mai kimanin shekara hamsin, wandonsa ya yi jaga-jaga da lakar hanyar Kebbe har gwiwa. Ya shigo da fara'a yana ba da labarin yadda suka yi ta tura babur a wani kwazazzabo. Sai idonsa ya sauka a kan cinyar Atiku. Maganar ta tsaya masa a baki. Ya durƙusa, ya ɗauki ƙwarya ɗaya ya juya ta, ya ɗauki naɗin alharinin.

"Baba, mi munka yi da kai?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na ce ido kaɗai."

"Haka anka yi," in ji tsohon.

Atiku ya fara bayanin mataccen zare, ya nuna gefen da aka mayar, ya ce ko mai rigar ya tashi ba zai gane ba. Malam Siddiƙ ya ɗaga masa hannu. Ya ce shi ba wannan ya dame shi ba. Ya rantse wa yayansa cewa rigar tana nan yadda take, mutumin da ya ba wa ba ya saɓa magana. Da wane ido zai shiga gida? Ya shimfiɗa farin zanen ya fara tattara ƙwaryoyin yana jerawa, ya ce a cire allurar, haka zai tafi da ita.

Baba Na'iya ya yunƙura zai gyara zama, ya kasa, Atiku ya tare shi da kafaɗa. Tsohon ya kira sunan Malam Siddiƙ, ya ce bai da hujja, ya ci amana, yana roƙon a yafe masa. Sai a lokacin baƙon ya dubi tsohon da kyau, ya ga ƙafafun, ya ga hannun da ke kwance kamar ba nasa ba. Ya tambayi Atiku tun yaushe yake haka, me ya sa ba a kai shi asibiti ba. Atiku ya nuna rigar da haɓa.

Malam Siddiƙ ya ajiye ƙwaryar da ke hannunsa. Da ya buɗe baki, muryarsa ta sauko.

"Rabona na yafe, Baba, har ga Allah. Amma rigag ga ba tawa ta ni ɗai ba. Ba ni yi maka ƙarya in ce an yafe abin da ba ni da iko da shi."

Tsohon ya gyaɗa kai, kamar dama amsar da yake jira ke nan. Ya ce a kira Malam Ladan.

Ruwa ya sauko da ƙarfi a kan kwanon zauren. Atiku ya kira mai keke, mai keken ya ce yana can bakin tasha ya fake, layinsu kuma ya cika da ruwa, amma zai gwada. Malam Siddiƙ na ta danna lambar yayansa, ana ce masa ba a samunta. Ya fita cikin ruwan ya ɗaga wayar sama, ya dawo jiƙe, ya sake. Inna Marka ta shigo ta zauna a gefen mijinta ta riƙe masa hannu, ba ta ƙara damuwa da baƙo ba. Numfashin ya fara yin nisa tsakani.

Da wayar ta shiga, Malam Siddiƙ ya faɗi abin da ya faru a gaggauce. Har daga inda yake Atiku na jin faɗan da ke fitowa daga wayar, ana cewa dama an faɗa, kayan kakanni ba na 'yan wasa ba ne. Sai layin ya yanke. Malam Siddiƙ ya share ruwan fuskarsa ya sake kira, ta ƙi, ya sake, ta shiga.

"Yaya, saurara mani," ya ce. "Mutumen yana bakin mutuwa. Ya ƙi zuwa asibiti sabadda rigag ga. Kai yaka jira."

Sannan muryar ta ce a kara wa tsohon a kunne. Malam Siddiƙ ya buɗe sautin ya durƙusa ya kai wayar kusa da kan tsohon.

"Na'iya, Ladan na. Ni da ƙannena da ɗiyanmu mun yafe maka, duniya da lahira. Kak ka tafi da komi cikin rai."

Idon Baba Na'iya a rufe yake. Atiku, wanda kan tsohon ke kafaɗarsa, ya ji ya ja numfashi mai tsawo ya sake. Malam Siddiƙ ya ajiye wayar a ƙasa ya fara laƙƙana masa kalmar shahada, leɓɓan tsohon suka motsa kaɗan. Lokacin da mai keke ya iso yana ta hon a waje, Malam Siddiƙ ya riga ya shafe masa ido.

Aka yi jana'iza bayan la'asar da ruwa ya ɗauke. Malam Siddiƙ ne ya yi masa wanka tare da limamin unguwa. Kafin ya hau babur ya miƙa wa Atiku ƙunshin, ya ce yayansa ya ce a bar ta a Tambuwal har a gama, kuma wanda ya fara a gaban marigayi shi zai ƙarasa.

Washegari Atiku ya shiga yi wa Inna Marka gaisuwa. Bayan sun yi addu'a ta tambaye shi, tunda shi ke riƙe da Malam, ko ya ji maganar mutanen Kebbe kafin ya cika. Atiku ya yi ta juya tambayar a ransa tun a maƙabarta. Ya ce mata abin da ya sani shi ne, kafin maganar jikin Malam a sandare yake, bayanta kuma ya ji nauyinsa ya sauka a kafaɗarsa gaba ɗaya. Ta ce to, Alhamdu lillahi. Ba ta yi masa zancen asibiti ba, shi ma bai tayar ba.

Sai da gero ya fara fitar da kai Atiku ya gama ɗinkin. Ranar da ya mayar da shafin alharinin, ya kai mata rigar cikin gida ta gani kafin a zo ɗauka. Tana zaune a ƙofar ɗakinta cikin kayan takaba. Ta shimfiɗa rigar a cinya ta juya cikinta, ta sa yatsa a kan ɗinkin tana bi a hankali, ƙwarya bayan ƙwarya, har ta zo inda hannun mijinta ya ƙare na Atiku ya fara. Nan ta tsayar da yatsan.