Doyar da aka kai tsibiri

Shekara uku ke nan Tersugh bai zo gida Kirsimeti ba, don haka iyayensa suka ce bana su ne za su je. Yana zaune ne a cikin jirgin kamun kifi a kogin Binuwai, can bayan Awe. A ciki yake kwana, a ciki yake girki, shi da mai jirgin, Mahmuda, mutumin Yawuri da aka haifa a kan ruwa.

Kafin su bar Akurba, Aondoakaa, uban Tersugh, ya ɗaure wani ƙaramin buhu da kansa. Irin doya ne, ragowar wanda ya gada daga mahaifinsa, an yanka an shafe da toka. An ba shi aron gona a hanyar Keana, amma bayansa ya daina ɗaukar aikin tada kunyar doya. A gidansu ba a roƙon ɗa da baki ya dawo gona. Uba yakan miƙa masa iri. In ya karɓa, ya amsa.

"Ka faɗa masa kawai," in ji matarsa Nguavese a mota. "Yaran yanzu ba su san wannan ba."

"Ya sani."

Sun tarar da jirgin a ɗaure jikin wani tsibirin yashi, da rumfar tabarma a tsakiya, da buhunan da aka ɗinke don iska ta riƙa tura shi. Tersugh ya yi duhu, ya yi faɗi a kafaɗa. Ya rungume uwarsa har ƙafarta ta bar ƙasa.

"Sauke ni, kana warin kifi!"

"Mama, turaren nan ke nan."

Mahmuda ya durƙusa ya gaishe su, ya kwashi kayansu zuwa ciki. Rawar jirgin ta sa Nguavese jiri, ta kwanta a rumfa. Aondoakaa ya ce ɗansa ya zo su taka.

Sun daɗe a kan yashin. Tersugh yana nuna masa inda giwan ruwa ke taruwa, da inda ruwa ya ci rabin tsibirin bara. Tsohon yana ji, yana kaɗa kai. Bai taɓa jin yaron nan ya yi magana mai tsawo haka ba. Ya ce a ransa bari a ci abinci tukuna, sannan ya miƙa masa irin.

Da suka dawo, Mahmuda ya shimfiɗa tabarma a inuwar jirgi. Ga romon kifi yana tururi, ga sakwara.

"Baba, yau sallarku ce, ba za ku ci garin rogo a wurina ba. Doyar da kuka kawo ce na daka. Amma an cuce ku a kasuwa, wallahi. Duk ƙanana, guntu-guntu, ga toka. Sai da na yi ta wanki."

Nguavese, da ta fito daga rumfa, ta dafa gefen jirgin. Tersugh ya dubi sakwarar, ya dubi ubansa.

"Duka ka dafa?" ya tambayi Mahmuda.

"Duka mana. Ai ba ta da yawa. Na yi laifi ne?"

"Ba ka yi ba, ɗana," in ji Aondoakaa. Ya wanke hannu, ya yi addu'a, ya yanki loma. "Ta daku."

Ya ci sosai, har Mahmuda ya ƙara masa. Tersugh bai taɓa tasa ba.

Wajen la'asar aka kawo ƙaramin kwale-kwale da zai tsallakar da su. Tersugh ya riƙe hannun ubansa yana shigar da shi, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, me ya sa ba ka ce komai ba tun a kan yashi?"

"Da na miƙa maka, za ka karɓa?"

Ruwa yana bugun katako. Tersugh ya waiwaya wajen jirgin, inda Mahmuda ke wanke turmi yana waƙa.

"Akwai iri a kasuwar Lafiya. Zan aiko a saya."

"Akwai," in ji tsohon. Ya zauna, ya gyara hularsa.

Sai da suka yi nisa, har ba a gane fuskar mai ɗaga musu hannu, sannan ya ce wa Nguavese in sun koma ta raka shi wurin mai gonar, ya mayar masa da abarsa kafin lokacin shuka ya wuce.