Wanda Inna Barira Take Kira

"Ya Saburu take cewa," in ji Liman, yana gyara zaman hularsa. "Sunan Allah ne a bakinta. Ku gode wa Allah, ba kowa ke samun wannan ba."

Matan da suka cika ɗakin suka ɗauki salati. Ni kuwa ina durƙushe a gindin gado da kofin koko a hannu. Kwana uku ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Inna Barira a wurin tsinkar gyaɗa, kuma duk kwanakin nan ni nake juya ta, ni nake goge mata baki. Ciwon ya kwashe maganarta kaf, ko ruwa ba ta iya nema, kalma ɗaya tak ya bar mata. Na ji kalmar nan fiye da sau ɗari. Babu "ya" a gabanta, kuma kunnena bai yi tsufan da zai kasa bambance Saburu da Sabiru ba.

Sabiru ɗanta ne na fari. In ka shigo ƙauyenmu ka ce kana neman Sabiru, za a ce maka ɓatan kai ka yi, domin kowa da Ɗanlami ya san shi, har a takardunsa na makaranta. Tun ranar yaye aka kai shi wurin kakarsa a Tsanyawa, a can ya girma, yanzu yana aikin birkila a Rijiyar Zaki, furfura ta ci rabin gemunsa. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Inna Barira, shekara talatin da ɗaya muna miƙa wa juna gishiri ta kanta, amma ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Kai, ko abin da ya yi kama da shi ba ta faɗa. Sabulu a wurinta abin wanki ne, sabuwar gyaɗa kuwa ta bana. In ya zo gaisuwar Salla sai ta juya baya ta kama tsintar shinkafar da aka riga aka tsince. Ta zuba tuwo ta ce min, "Asama'u, miƙa wa baƙon can." Ni kaɗai na san tsokar da ta fi kowace girma tana binne a ƙarƙashin tuwon.

Kuma a kan haka ake yabonta. Duk amaryar da aka ga ta goya ɗanta na fari tana yi masa wasa, sai a ce ta je ta koyi kunya wurin Inna Barira. Ni ma na yaba, ba zan ɓoye ba, shi ya sa haushin nawa har da kaina a ciki.

Da Liman ya fita na bi Kamaru zaure. Shi ne ƙanin Ɗanlami, shi ke riƙe da gidan. Na tambaye shi ko ya sanar da yayansa, ya ce ya buga masa waya ya gaya masa jiki da sauƙi, kada ya baro aikin mutane. Na ce uwarku yayanka take kira.

"Haba Yaya Asama'u," ya ce, yana waige-waige kamar na yi batsa. "Innar da ko sabulu ba ta faɗa? Shekara hamsin da uku tana riƙe da kunyarta, sai yanzu da ba ta iya kare kanta za mu zubar mata? Malam ya riga ya faɗi abin da take cewa."

Na ce Malam minti biyar ya yi a ɗakin, ni kwana uku. Ya ce in ji tsoron Allah. To, ina jin tsoronsa, kuma ban ce Inna ba ta ambaton Allah ba, carbinta har ya koɗe don ja. Amma mai kiran Allah ba ya kafa wa ƙofa ido, ya zabura duk sa'ad da babur ya tsaya a waje. Abin da ya fi ƙona min rai, fassarar Liman ta yi wa kowa daɗi. Mata daga unguwanni suna ta tururuwa su ga baiwar Allah mai zikiri, su shafa ƙafarta su shafa fuska, ita kuma tana kwance tana roƙonsu abu ɗaya da iyakar ƙarfinta, suna amsa mata da amin.

Na koma gida na kira 'yata Fauziyya da ke karatu a jami'a, na zazzage mata. Ta ce su ma an koya musu cewa abin da mutum ya danne a ransa ba mutuwa yake ba, yana nan yana jiran ranar da harshe zai kuɓuce wa mai shi. Na ce wannan ba sai an biya kuɗin mota zuwa Kano za a sani ba, ta nemo min lambar Ɗanlami kawai.

Na kira shi na gaya masa, ina jin ƙarar shebur a bayansa. Can ya ce, "Ni kuma? Maman Fauziyya, ba ni ba ne. Ta ma san sunan kuwa?" Na ce in bai hau mota yau ba, kada ya ƙara gaishe ni har abada.

Washegari da hantsi ɗan acaɓa ya sauke shi, da siminti a farcensa. Tun daga tsakar gida ya yi sallama. Inna tana tsakiyar kira ta ji muryarsa, sai ta haɗiye sauran. Matar da ba ta iya ɗaga cokali, wallahi da kafaɗa ɗaya ta ja jikinta ta mai da fuska bango. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya sake gaishe ta, ya zauna ya fi awa guda. Ko tari ba ta yi ba. Kamaru ya yi min irin kallon ai ga shi nan. Ɗanlami ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya ce min ba komai, ya gode, dama ya saba. Wannan "na saba" ɗin ta fi zagi ciwo. Na ji kamar in kama tsohuwar nan in girgiza ta, da ita da duk wanda ya taɓa yabonta.

Na tare shi kafin ya kai zaure. Na ja hannun rigarsa, abin da ban taɓa yi wa namijin da ba nawa ba, na zagaya da shi bayan ɗakin, inda aka jingine karan gero a ƙarƙashin 'yar taga. Na ce ya zauna nan, kada ya motsa. Na koma ciki na kori matan, na ɗaga murya na ce baƙo ya tafi, ya samu mota. Ƙarya na yi a gaban mai jinya, kuma ban yi nadama ba.

Inna ta daɗe da fuska a bango. Sannan ta juyo a hankali, ta dubi ƙofa, hawaye ya gangaro ta idon da ke aiki.

"Sabiru."

Tar ta faɗe shi, babu inda harshen ya karye. Na kasa kunne ga taga, ban ji komai ba. Ta sake kira, ta kuma sakewa, muryar tana ƙara yin ƙasa. A raina ina ta cewa amsa mana, bawan Allah, amsa. Daga baya ya gaya min ya buɗe baki ya fi sau uku, amma tunda yake ba wanda ya taɓa kiransa da sunan, sai ya ji kamar zai amsa kiran wani. Numfashinta ya sauya. Na matsa na laƙƙana mata kalmar shahada, yatsanta ya ɗaga kaɗan, ya koma kan zani.

Ina rufe mata ido na ji daga bayan taga an ce, "Na'am."

Kafin azahar an gama shiri. Kamaru yana tsakar gida yana gaya wa masu gaisuwa cewa da sunan Allah ta cika, na wuce shi, don in na buɗe baki ba za a ji daɗi ba. Na zagaya baya in ce wa Ɗanlami maza suna jiransa a ɗauki makara. Yana nan inda na bar shi, a cikin karan gero, takalminsa ɗaya ya cire, ya jingina goshi da katangar ɗakin. A hankali yake faɗa, yana ɗan dakatawa tsakani kamar mai ba wani dama ya gama magana.

"Na'am, Inna. Na'am."