Wurin Hajiya Maimuna

Mai fenti na kan shafi na biyu Hajiya Sauda ta faɗo falon. Tsohuwar hedimistiris ce, katanga kawai ta raba ta da gidan, ba ta jiran iso.

"Aƙilu, ina Hajiyarka?"

Aƙilu ɗan majalisa ne, wanda ya cika rediyo da zancen Shari'a da haƙƙin iyaye lokacin kamfe. Ya sauke waya daga kunne. "Tana ɗakin baya, Hajiya. Likita ya ce jikin ya yi nisa. Kin san in ta Allah ta kasance manya za su zo, bai kamata su tarar da ƙazantar nan ba."

Ƙazantar da yake nufi wani tabo ne a bangon falon, faɗin faifai. Nan mahaifiyarsa Hajiya Maimuna ke jingina kai tun mijinta na raye, man kitso ya yi ta ratsa bangon har wurin ya yi duhu.

"Au, makokin ake shiryawa tana numfashi? Sannu da ƙoƙari, Onorabul."

A ɗakin baya ta tarar da aminiyarta kwance tsakanin buhunan shinkafar rabo. Maimuna ta laluɓo hannunta.

"Sauda, ki ce su mai da ni wurina. Nan ba na ganin ƙofa."

Sauda ta koma falo. "Ta ce a mai da ita wurinta."

"Fenti bai bushe ba, Hajiya. Gobe in sha Allahu."

"In sha Allahun nan ta kamfe ce ko ta gaske?"

Ta kira maigadi da direba su zo su kama mata katifar. Suka kalli Onorabul, suka kalli ƙasa. Ita kuwa gwiwoyinta ko ɗaukar buta ba sa so, balle mutum. Da la'asar Maimuna ta cika, fuskarta na kallon shinkafa.

Manyan kuwa sun zo, motoci har bakin titi. Sauda na jin mata suna cewa marigayiya ta yi dacen ɗa, dubi yadda ya gyara gida. Ta taɓe baki, ta ci gaba da jan carbinta.

Ranar addu'ar uku fentin ya tona kansa. Facin da aka yi kan tabon ya fi sauran bangon fari, kowa ya shigo can idonsa ke sauka, ga maiƙon ya sake tasowa a tsakiya, ruwan ɗorawa. Aƙilu ya sa aka jingina ƙaton hotonsa na kamfe a wurin.

Da baƙi suka watse, Sauda ta ture hoton da sandarta, ya kife a kan kafet. Ta dafa kujera ta zauna a ƙasa da ƙyar, ta jingina kanta daidai tabon. Daga nan ana hango ƙofar gida, a buɗe, da inuwar mangwaro tana matsowa kan baranda.