Sif ɗin Badi'a

Da Gwaggo Sauda ta taɓa gindin sif ɗin, sai yatsanta ya nutse ciki kamar ta taɓa dusar da aka jiƙa wa awaki. Ta janye hannu da sauri. Ta sake taɓa ɗaya gefen, nan ma katakon ya marmashe ya biyo farcenta. Sai ta zauna dirshan a ƙasa, ledar da ta kwance tana tule a gabanta, ɗakin kuwa ya turnuƙe da warin danshi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta faɗa a hankali.

Sif ɗin ba nata ba ne. Na Badi'a ne, 'yar ƙanenta marigayi Jalo. Shi ya je Kano da kansa ya sayo mata lokacin aurenta, bayan ya sayar da bijimin da ya fi so a garkensa, wata bakwai kafin Allah ya yi masa rasuwa. Da aiki ya kai mijin Badi'a Fatakwal, gado da madubi suka shiga mota, sif ya ƙi shiga. Aka kawo shi ƙauyen Gude, aka dire a tsakar gidan Sauda. Badi'a ta riƙe hannunta ta ce, "Gwaggo, ga amana."

Ita kuwa Sauda ba a santa da wasa da ajiya ba. Ta ware masa ɗakin da ke kusa da rijiya, wanda ya fi ko'ina sanyi. Ta sayi leda mai kauri ta naɗe shi daga sama har ƙasa, ta ɗaure da igiya. Ta toshe taga da tsumma saboda ƙura. Duk ranar Juma'a sai ta yayyafa wa daɓen ruwa ta share shi tas, yadda uwarta ta koya mata. Da ta ga ɗakin ba kowa, sai ta kai randarta ta biyu can, ta girka ta a kan jiƙaƙƙen yashi a kusurwa. Haka aka ci damina guda, ga ta biyu ta kai tsakiya.

Jiya da yamma Badi'a ta bugo waya. An dawo da mijinta gida, sun kama haya a Gwarzo, ranar Lahadi za ta zo da mota ta ɗauki kayanta. Yau Talata.

Mutum ɗaya ne ya faɗo wa Sauda a rai: Sharfaddeen, taubashinta, kafinta a Kabo. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tsiya ba. Ta kira shi, bai fi awa biyu ba sai ga ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida.

"Salamu alaikum. Ina tsohuwar gidan? Ko ta mutu ba a gaya mini ba?"

"Sai na ga bayanka. Shigo, Sharfaddeen. Yau ba ni da bakin wasa."

Suka gaisa, ya tambayi ruwa da gona da dabbobi, ta amsa a gajarce. Ya shiga ɗakin, ya tsaya ya ja numfashi, ya dubi randa, ya dubi tagar da aka toshe, ya dubi ledar da har yanzu ruwa ke tsatstsafowa a cikinta. Sannan ya durƙusa ya ɓantari gindin sif ɗin ya murza a tafin hannunsa.

"Sauda, wa ya yi wa wannan bawan Allah wanka?"

"Wallahi ko ɗigo ban taɓa zuba masa ba."

"Ba sai kin zuba ba. Zo ki gani." Ya miƙa mata abin da ke hannunsa. "Ke kin zaci icce ne irin na gadonki na maɗaci. Wannan garin katako ne, aka kwaɓa da gam aka matse, aka manna masa fata mai sheƙi. Ƙishirwa gare shi fiye da raƙumi. Kin yayyafa ruwa, ya sha ta ƙasa. Randa ta yi gumi, ya sha. Bango ya ɗauki ruwan marka, ya sha ta baya. Sannan kika sa masa rigar leda, kika hana shi shan iska. Da gaba kike yi da shi, ai iyakar abin da za ki yi ke nan."

Sauda ta dubi garin katakon da ke hannunsa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne duk abin da ya lissafa, da hannunta ta yi, kuma da kyakkyawar niyya.

"Zai tashi?" ta tambaya.

Ya zaro awo daga aljihu, ya bi jikin katakon yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa tun daga ƙasa, yana kasa kunne. Inda sautin ya sauya ya ja layi da fensir.

"Daga nan zuwa ƙasa ya tafi, wanda ya kumbura ba ya komawa. Daga nan zuwa sama lafiya lau. Kin ci sa'a, saura kaɗan ya kai ƙofofin."

Kwana uku ya yi yana zuwa. Ranar farko suka kwance sif ɗin, suka jera allunan a rumfa inda iska ke bi, ba a rana ba, don ya ce rana za ta lanƙwasa su. Aka fitar da randa, aka kwashe yashi, aka buɗe taga. Rana ta biyu ya yanke duk inda ya ruɓe, kusan taƙi guda, ya bi bakin kowane allo da fenti, ya bari ya bushe, ya sake bi. Ramukan kusoshi kuwa ya narka kyandir ya ɗiga musu. Rana ta uku ya zo da guntayen maɗaci da suka daɗe a shagonsa, ya yi wa sif ɗin sabon gindi da ƙafafu huɗu, ya shafa musu kala har suka saje da jikin.

Sauda tana gefe tana miƙa masa abin da ya nema, tana haddace maganarsa. Kada ya taɓa ƙasa. A bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. Busasshen tsumma kawai. A sa gawayi a kwano a ciki lokacin damina, a riƙa sauyawa.

"Maimaita," in ji shi.

"Ni ɗalibarka ce?"

"Ɗalibata ai ta fi ki kai. Kawo furar nan, kin dama ta tun ɗazu kina mini rowa."

Da ya gama, ya ja da baya yana goge hannu. Sif ɗin ya tsaya cak a kan ƙafafunsa, har kyanwa za ta iya wucewa ta ƙarƙashi.

"To, ga shi. Ko wanda ya ƙera shi sai ya lura da kyau. In kika ja bakinki, ba mai ganewa."

Ya sa ƙafa zai ture ɓarɓashin da ya yanke zuwa bakin murhu. Sauda ta ce ya bari. Ta kwashe shi tsaf ta zuba a tsohuwar ƙwarya.

"Miya za ki yi da shi?"

"Na mai shi ne."

Ya tattara kayan aikinsa. Ta raka shi har zaure tana sa masa albarka, shi da 'ya'yansa da jikokinsa, har ya ce ta rage wa gobe.

Ranar Lahadi da hantsi mota ta tsaya. Badi'a ta shigo da goyo a bayanta, ta durƙusa ta gaishe da gwaggonta. Aka tambayi hanya, aka tambayi maigida, aka karɓi jaririya aka yi mata wasa, aka yi wa mamata addu'a. Sai da Badi'a ta sha ruwa ta huce, Sauda ta tashi ta ɗauko ƙwaryar ta ajiye a gabanta.

"Mene ne wannan, Gwaggo?"

"Gindin sif ɗinki ne. Ni na ɓata shi. Na zaci kula nake yi, ashe ruwa nake ba shi. Sharfaddeen ya gyara abin da zai gyaru, amma ya rage tsawo, kuma ƙafafun ba nasa ba ne. Ba zan bari ki ɗauka ba ki sani ba."

Badi'a ta daɗe tana kallon ƙwaryar. Sannan ta miƙe ta shiga ɗakin, Sauda na biye da ita. Badi'a ba ta ko kalli ƙafafun ba. Ƙofar hagu ta buɗe, ta leƙa bayanta, ta sa tafin hannu a wani wuri ta tsaya.

"Yana nan," ta ce. "Alhamdu lillahi, yana nan."

Ta juyo tana share ido da gefen mayafi.

"Gwaggo, gadon da madubin tun daminar farko suka narke a Fatakwal. Can ko bango gumi yake yi. Da hannuna na kwashe su na zubar, na kasa gaya wa kowa. Duk abin da Baba ya saya mini, wannan kaɗai ya rage. Da ya shiga motar nan, da yau ba shi."

Sauda ta matso ta ƙura ido inda hannun yake. Wasu layuka ne na fensir, karkatattu, sun fara dusashewa.

"Wannan zanen kafintoci?"

"Rubutun Baba ne. Lokacin ya fara zuwa ajin manya na yaƙi da jahilci ke nan. Ranar da aka kawo sif ɗin daga Kano ya rufe ƙofa ya rubuta, wai kada a yi masa dariya."

"Me ya ce?"

Badi'a ta bi haruffan da yatsa. "Badi'a, Allah ya zaunar da ke lafiya."

Sauda ta saki salati. Jiya da la'asar ta tsaya daidai wurin nan da tsumma a hannu, tana son ta miƙa kayan mutane fes, har ta ɗaga hannu za ta goge, sai akuya ta ture mata tukunya a tsakar gida, ta fita da gudu tana zaginta, ba ta sake komawa ta kai ba.

"Gwaggo, lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Sauda. "Kira masu motar su ɗauka. Ni bari in je in ba akuyar can dusa."